Kyanwar Rumbu da Kyanwar Falo

A Gwadangaji, nan gefen Birnin Kebbi, da wuya magidanci ya tambayi asalin kyanwar da za a kawo masa. Abin da yake son ji biyu ne: tana kamun ɓera, kuma tana taɓa 'yan tsaki? Tambayar farko ta girmi kowace masarauta a kwarin Rima.

Kyanwar gida, wadda mutanen yamma ke kira mussa, jikanyar kyanwar daji ce mai launin ƙasa da ratsi-ratsi, wadda har yau take yawo a dazuzzukan Afirka da Gabas ta Tsakiya. Wani binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2007 ya tabbatar da wannan nasaba. Ba kamo ta aka yi aka hore ta kamar jaki ba. Manoman farko sun tara hatsi, hatsi ya jawo ɓera, ɓera ya jawo ta. A tsibirin Kubrus an tono kabari mai kimanin shekara 9,500, aka tarar da ƙasusuwan mutum da na kyanwa a gefensa.

Ƙasar Kabi kuwa ta shinkafa ce da kifi, tun zamanin da Kanta ya zauna Surame a ƙarni na 16 har sarauta ta koma Argungu. Duk gidan da ke da rumbu da bandar kifi yana da abin da ɓera zai yi wa ɓarna. Addini ya ƙara mata daraja: saboda 'yar kyanwa aka yi wa Abu Huraira wannan alkunya, kuma a Malikiyya ruwan da ta sha ta rage ba najasa ba ne. Shi ya sa take shiga har ƙuryar ɗaki, kare kuwa iyakarsa ƙofar gida.

Zancen "iri" baƙo ne, kuma yaro. A 1871 wani mai zane, Harrison Weir, ya shirya baje kolin kyanwoyi a Crystal Palace da ke Landan, ya tsara ƙa'idojin da alƙalai za su bi wajen auna gashi da launi da siffar kai. Daga nan aka shiga kiwo domin ido. 'Yar Farisa mai dogon gashi da dannanniyar fuska, wadda yanzu ake tallarta a Instagram da tsada, a hannun masu irin wannan kiwo ta sami wannan siffa. Tana da kyau, babu musu. Amma gajeren hancinta yana wahalar da numfashi, gashin yana cukurkuɗewa in ba a taje shi kullum ba, ga shi zafin Afrilu a Birnin Kebbi yana haura digiri 40. Wanda wutar gidansa ba ta tsayawa, wahala ya saya, shi da dabbar.

Tambaya ta biyu, ta zama da sauran dabbobi, tarbiyya ta fi asali ƙarfi a cikinta. A 1930 wani masani ɗan ƙasar Sin, Zing-Yang Kuo, ya wallafa gwajin da ya yi: 'yan kyanwar da suka tashi keji ɗaya da ɓera, mafi yawansu ba su kashe ɓera ba da suka girma, waɗanda suka tashi suna kallon uwa tana kamu kuwa yawancinsu sun bi sawunta. Masana halayyar dabbobi sun ce tsakanin mako 2 zuwa 7 da haihuwa ne kyanwa take tantance na gida da abin farauta. Matan da ke kiwo a tsakar gida sun daɗe da sanin haka: wadda ta buɗe ido cikin kaji da awaki takan kwanta 'yan tsaki na kiwo a gabanta, amma muzurun da aka kawo da girmansa sai an riƙa kaffa-kaffa da shi, musamman in akwai ɗakin tattabaru.

Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi cikin Nuwamban 2015, buhunan shanshera suka ƙaru a ɗakunan ajiya, ɓera kuma bai yi ƙaura ba. Wani jinsinsa ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969. Kyanwa ba ta maye gurbin rufe abinci da toshe ramuka, amma 'yar gida mai gajeren gashi, wadda ta ga uwarta tana kamu, har yanzu kyauta ake karɓo ta daga maƙwabta.