Kano da Kofin Ƙalubale: daga 1953 zuwa 2019

Gasar cin Kofin Ƙalubale ita ce gasar ƙwallon ƙafa mafi daɗewa a Nijeriya, kuma birnin Kano na da matsayi na musamman a tarihinta, domin shi ne gari na farko da ya fitar da kofin daga Legas.

An fara gasar ne a shekarar 1945, zamanin Gwamna Arthur Richards, wanda ya bayar da kofin. Saboda haka ne aka riƙa kiransa Kofin Gwamna.

A shekarun farko ƙungiyoyin Legas ne kaɗai ke karawa, akasarinsu na ma'aikatu da kamfanoni. Marine ce ta ci na farko, daga nan ita da Railways, ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa, suka yi ta karɓa-karɓa.

Zamanin ƙungiyoyin garuruwa

Kafin ƙarshen shekarun 1940 aka buɗe ƙofa ga sauran sassan ƙasar. Sai dai larduna ba su da kulob-kulob masu ƙarfin na Legas, don haka kowane gari sai ya tsamo gwanayen 'yan wasansa daga ƙananan ƙungiyoyi ya haɗa tawaga guda mai ɗauke da sunan garin.

Ta haka ne aka samu ƙungiyoyin Kano, da Jos, da Warri, da Kalaba, da Fatakwal, da Badun.

Wannan tsari ya yi kama da wanda har yau ake bi a ƙasar Ailan a wasansu na gargajiya, ƙwallon Gelik, inda mutum 15 ke bugawa a kowane ɓangare da hannu da ƙafa. A can gundumomi ne ke karawa a cikin larduna huɗu na tsibirin, ɗan wasa kuma gundumarsa yake bugawa ba tare da albashi ba. A Nijeriya tsarin bai ɗore ba, amma a ƙarƙashinsa ne Kano ta yi suna.

A 1953 ƙungiyar Kano ta doke Dynamos ta Legas da ci 2 da 1 a wasan ƙarshe. A lokacin a Legas ake yin wasan ƙarshe, a filin Onikan mai suna Sarki George na Biyar, tafiyar fiye da kilomita 1,000 daga Kano.

Nasarar ba ta sa'a ba ce kawai. Kano ta sake kai wa wasan ƙarshe a 1954 da 1955, amma Kalaba ta doke ta a na farko, Fatakwal kuma a na biyu.

Wasu jerin sunayen zakarun gasar kan rubuta Kano Pillars a gaban shekarar 1953. Wannan kuskure ne, ko kuma a ce son kai ne na magoya baya, domin sai a 1990 aka kafa Pillars ta yanzu, bayan haɗe ƙungiyoyin WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North. Kofin 1953 na garin Kano ne baki ɗaya.

Dogon jira

Bayan samun 'yancin kai a 1960 gasar ta koma amsa sunan Kofin Ƙalubale, kulob-kulob kuma suka maye gurbin ƙungiyoyin garuruwa sannu a hankali.

Shekaru 36 aka yi kofin bai sake tsallako Kwara zuwa Arewa ba. Ƙungiyoyin Jos, musamman Mighty Jets, sun sha kai wa wasan ƙarshe suna komawa hannu rabbana, har lamarin ya zama abin zolaya a tsakanin masu sha'awar ƙwallo.

Raccah Rovers ta Kano ta kai wasan ƙarshe a 1977, amma kofin ya tafi Badun wajen IICC. Shekara guda bayan haka Raccah ta huce da cin gasar lig ta ƙasa.

Sai a 1989 ne BCC Lions ta Gboko ta karya wannan ƙofi. Daga nan ƙungiyoyin Arewa suka samu hanya: El-Kanemi Warriors ta Maiduguri a 1991 da 1992, Wikki Tourists ta Bauchi a 1998, Plateau United a 1999, sai Niger Tornadoes ta Minna a 2000.

Abin da ya fi ci wa Kanawa rai shi ne, a wasan ƙarshe na 1991 Pillars ce El-Kanemi ta doke da ci 3 da 2, ƙungiyar na da shekara guda kacal da kafuwa.

Ƙarfin gida

A gasar lig kuwa labarin daban ne. Pillars, wadda ake wa kirari da Sai Masu Gida, ta zama zakara a 2008, sannan ta jera uku a 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun kulob-kulob na Afirka, inda Heartland ta Owerri ta fitar da ita.

Babban makaminta shi ne filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, maƙwabciyar Ƙofar Nassarawa a gabashin ganuwar birnin. Ta waɗannan ƙofofi ne jama'ar cikin birni kan kwararo ranar wasa. Daga 2003 zuwa 2015 babu ƙungiyar da ta ci Pillars a gida a gasar lig, har sai da Nasarawa United ta zo ta yi hakan.

To amma Kofin Ƙalubale gasa ce ta sili ɗaya ƙwale, kuma a matakin ƙasa ana buga wasanninta ne a filayen 'yan ba-ruwanmu. Ƙungiyar da ta dogara da amon 'yan kallonta ba ta da wannan gata, kuma kuskuren yini guda ya isa ya kawo ƙarshen kakarta.

Asaba da Kaduna

Babu wasan da ya nuna haka kamar na watan Oktoban 2018 a filin Stephen Keshi da ke Asaba.

Pillars ta zura wa Rangers ta Inugu ƙwallaye uku ba ko ɗaya, ɗaya daga ciki ta ƙafar kyaftin Rabiu Ali, har wasu a Kano sun fara murna. Rangers ta farke duka ukun a ƙarshe-ƙarshen wasa, ta kuma yi nasara da 4 da 2 a bugun fenareti. Rabonta da kofin tun 1983.

Watanni tara bayan haka, a Yulin 2019, Pillars ta koma wasan ƙarshe a ƙarƙashin mai horarwa Ibrahim Musa, a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna. An tashi babu ci tsakaninta da Niger Tornadoes, aka sake zuwa fenareti, wannan karon Pillars ta ci 4 da 3.

Shi ne karon farko da kulob ɗin ya ɗauki kofin, kuma na farko ga birnin Kano cikin shekaru 66.

Yadda ake gasar

Sunan kofin ya sha sauyawa, akasari saboda masu ɗaukar nauyi. An kira shi Kofin Coca-Cola, da Kofin Tarayya, da Kofin Aiteo, sannan a 2024 aka raɗa masa Kofin Tarayya na Shugaban Ƙasa, shekarar da El-Kanemi ta sake cinye shi. Jama'a dai ba su daina cewa Kofin Ƙalubale ba.

Ɓurɓushin tsohon tsari bai ɓace ba. Gasar na farawa ne daga jihohi, inda hukumar ƙwallon ƙafa ta kowace jiha cikin 36, da ta Abuja, ke shirya nata kofin. A nan ne ƙungiyar unguwa ko ta makarantar koyon ƙwallo kan iya haɗuwa da Pillars.

Ƙungiyoyi biyu da suka kai wasan ƙarshe a kowace jiha su ne ke wakiltarta a matakin ƙasa, wato ƙungiyoyi 74 ke nan. Wadda ta ci kofin ita ke samun gurbi a gasar Kofin Confederation ta hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF.