Birni da Waje: Tarihin Unguwannin Bayan Ganuwar Kano

1.0 Gabatarwa

A bakin Bakano kalmar "waje" tana da ma'ana ta musamman. Idan ya ce wane ɗan waje ne, yana nufin mazaunin unguwannin da ke bayan ganuwa ta fuskar arewa maso gabas, wato Fagge da Sabon Gari da Tudun Wada da Gwagwarwa. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin kafuwar waɗannan unguwanni, domin nuna cewa kowacce ta samu ne daga hukuncin da masu mulki suka yanke game da inda baƙo zai kwana, kuma sunayensu da irin Hausar da ake yi a cikinsu suna ɗauke da wannan tarihi har yau.

2.0 Kafin Zuwan Turawa

Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa an fara gina ganuwa a zamanin Sarki Gijimasu (1095–1134), aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499). A wancan lokaci baƙon da ya zo zama cikin birni ake saukar da shi, shi ya sa aka sami unguwanni irin su Tudun Nufawa da Zangon Barebari da Ayagi ta Yarabawa da kuma Dandalin Turawa, inda Larabawa suka zauna, domin a tsohuwar Hausa su ake kira Turawa. Da tafiya ta yi nisa jikokin waɗannan baƙi suka zama Kanawa.

Fagge ce tsohuwar unguwar bayan ganuwa. Nan ayarin Abzinawa ke sauka da raƙumansu da gishirinsu, domin dabbobi masu yawa suna bukatar fili. Ana danganta sunan da kalmar "fage". Ke nan sana'ar mutum ce ta ajiye shi a waje.

3.0 Zamanin Mulkin Mallaka

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka kafa mazauninsu a Nassarawa da Bompai. Layin dogo ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa daga 1912, sai ga akawuna da makanikai da 'yan kasuwa daga Kudancin Nijeriya da Saliyo da Gwalkwas. Saboda manufar mulki ta hannun sarakuna, Turawa ba su yarda waɗannan baƙi su shiga birni ba, don haka wajen 1913 aka yanka musu Sabon Gari, da tituna a miƙe da filaye masu lamba. Dokar garuruwa ta 1917 ta ƙarfafa wannan tsari, ta sanya unguwar ƙarƙashin jami'in Bature. Ka'idar zamanin kuma ita ce a bar fili mai faɗin yadi 440 tsakanin gidajen Turawa da na 'yan ƙasa, da hujjar kare lafiya. Sai a 1940 aka mayar da Sabon Gari hannun En'e.

Tudun Wada kuwa an keɓe ta ne ga 'yan Arewa waɗanda ba Kanawa ba, musamman tsofaffin sojoji da leburori, daga baya ta cika ta tumbatsa zuwa Gwagwarwa. 'Yan kasuwar Siriya da Labanan aka ba su Fagge ta Kudu. Ta haka asali da addini suka maye gurbin sana'a wajen raba mazauni, kuma hanyar da baƙo ke bi ya zama ɗan gari ta ƙuntata. Sakamakon wannan rabuwa ya bayyana a rikicin watan Mayu na 1953, wanda aka fi gwabzawa a kan iyakar Fagge da Sabon Gari, da kuma kashe-kashen 1966.

4.0 Sunaye da Harshe

Abin lura ga manazarcin harshe shi ne yadda waɗannan sunaye suka zama na gama-gari. Akwai Sabon Gari da Tudun Wada a Zariya da Kaduna da Gusau. A Kudu kuma sai al'amarin ya juya: a Ibadan, Hausawa ne aka tara a unguwar Sabo a 1916, a Kumasi da Ankara kuwa "zango" ya zama sunan unguwar baƙi Musulmi. Saboda haka kalma ɗaya tana nufin mazaunin Inyamurai da Yarabawa a Kano, tana nufin mazaunin Hausawa a ƙasar Yarabawa. Ma'anarta ta asali ita ce wurin baƙo.

Ta fuskar magana, unguwannin waje su ne mahaɗar masu harsuna daban-daban, inda Hausa ta zama harshen ciniki da bariki. A nan aka fi jin Barikanci, wanda ke sassauta bambancin jinsi da karin sauti, kuma ta nan kalmomin aro irin su "mota" da "tasha" da "lebura" da "kanti" suka sami gindin zama. Irin wannan aiki Hausa ta yi a Potiskum, inda Sarkin Fika ya mayar da fadarsa a 1924, ta haɗa Ngizim da Karekare da Bolawa da Barebari a kasuwa ɗaya.

5.0 Kammalawa

Bayan samun 'yancin kai da kafa Jihar Kano a 1967, gari ya haɗiye ƙauyukan da ke kewaye da shi. Rijiyar Zaki da Rijiyar Lemo da Kurnar Asabe sun zama unguwanni, sunayensu kaɗai ke tuna rijiya ko bishiyar da aka san wurin da ita. A yau babban birnin ya ƙunshi ƙananan hukumomi 8, Sabon Gari tana cikin ta Fagge, kuma ganuwar ta rushe a wurare da dama. Amma tambayar wane ne ɗan gari tana nan a takardar shaidar asali da ake nema wajen ɗaukar aiki da shiga makaranta. Akwai bukatar masana su tattara sunayen unguwannin waje da Hausar mazaunansu tun dattawan da suka san asalinsu suna raye.