Daga Rumbu Zuwa Asusun Waya: Tarihin Tattalin Gida a Ƙasar Daura

Maƙalar wannan mako ta faɗo kaina, kuma na zaɓi abin da kowannenmu ke kwana da shi yake tashi da shi, wato awo da cefane. Sai dai ta ƙofar tarihi zan shigo masa.

A watan Fabrairun 2023, lokacin ƙarancin takardun kuɗi, na wuni a layin wani banki a garin Daura na dawo hannu Rabbana. Kuɗina na nan, ina kallon su a waya, amma mai awo ya ce shi tsaba ya sani. Na shiga wajen kakata ina ƙorafi. Sai ta ɗaga labulen ƙuryar ɗakinta ta nuna mini buhu biyu na gero da ta saya tun da kaka da kuɗin adashenta. Ga tulun wake an liƙe bakinsa, ga ƙullin kuka da busasshiyar kuɓewa a rataye. Ta ce, "Maigida, ashe arzikin naka a cikin gilashi yake? To kawo shi mu dafa." Muka yi dariya, amma daga cikin buhunan nan gidanmu ya ci har kuɗi suka dawo hannun mutane.

Tun ranar na fara bin diddigin inda tsofaffinmu suka samo wannan hali. Abin da na fahimta shi ne mutanen ƙasar nan sun daɗe da gane cewa kuɗi ba su da amanar ajiya. Abin da ya riƙe gidajensu uku ne: sayen abu a lokacinsa, auna shi kafin a ci, da haɗa hannu wajen saye.

Ko labarin kafuwar Daura da ƙarancin abin masarufi ya fara. Ruwayar Bayajidda ta ce macijin rijiyar Kusugu ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Ko ka ɗauki wannan tarihi ne, ko ka ɗauke shi hikaya, garin da ke ba 'ya'yansa labarin ruwan rana ɗaya da zai kai mako guda a randa ya san darajar ma'auni. Ƙasar ma haka take. Daga Daura zuwa Zango, Baure, Mai'aduwa da Sandamu, yawanci jigawa ce mai yashi, damina ba ta cika wuce wata huɗu ba. Girbi ɗaya ne zai ciyar da gida wata goma sha biyu.

Saboda haka rumbu ne bankin farko. A tsarin gandu, maigida da 'ya'yansa da ƙannensa suna noma babbar gona tare, kowa kuma yana da 'yar gayaunarsa. Idan an yi girbi a ɗaure dammuna a ƙirga, a fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma, sauran a zuba a rumbun da aka ɗora kan duwatsu saboda gara da danshi. Ba a sussuke geron ajiya, domin a zangarniyarsa ya fi daɗewa. Kullum maigida zai fitar da awon yini da ƙwarya ko mudu ya miƙa wa mai girki. Gidan da ya san kansa ba ya taɓa babban rumbu sai ruwa ya sauka an shiga noma, lokacin da hatsi ya yi tsada kuma jiki ke buƙatar ƙarfi. Ita kanta tafiyar cin rani da samari ke yi bayan kaka tana da wannan manufa. Duk bakin da ya tafi ya ci a wani gari, ya rage wa rumbu nauyi, ga ɗan abin da zai dawo da shi.

Kuɗin wancan zamani wuri ne, wanda asalinsa daga tsibiran Maldives na tekun Indiya ake kawo shi. Wuri dubu 20 shi ake kira keso ɗaya. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya kuma rubuta cewa iyali guda na iya rayuwar shekara cur da wuri dubu 50 zuwa 60, har da sutura. Amma a rabin ƙarshe na ƙarnin, 'yan kasuwar Turai suka riƙa jibgo wani wurin mai araha daga gaɓar Afirka ta Gabas, darajarsa ta yi ta zubewa. Wanda ya binne tukunyar wuri sai ya tono ta ta kasa saya masa abin da take saya da. Wanda ya mayar da nasa akuya kuwa, akuyar ta haihu.

Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903. A 1904 suka hana shigo da wuri, a 1906 kuma suka dawo da sarautar Daura hannun gidan Haɓe ta hanyar Malam Musa daga Zango. Sannu a hankali sabbin kuɗi suka maye gurbi: anini mai huda a tsakiya, kwabo, taro, sisi, sule da fam. Anini kashi ɗaya ne cikin goma na kwabo, an yi shi ne don cefanen da aka saba yi da 'yan wuri kaɗan. Shi ya sa har gobe ake cewa wane ba shi da ko anini.

Sai dai sabon kuɗi ya zo da sabon nauyi. Haraji ya koma na tsaba, kuma bayan girbi ake karɓarsa, daidai lokacin da hatsi ya fi araha. Dole magidanci ya fasa abin da ya kamata ya shiga rumbu ya kai kasuwa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, wasu gonakin hatsi suka koma na gyaɗa. Ana cikin haka ruwan 1913 ya ƙi, aka faɗa yunwar 1914 da ake kira Kakalaba, wadda ta ci rayuka masu yawa a arewacin ƙasar Hausa. Darasin da ta bari, wanda farin 1973 ya sake nanatawa, shi ne ranar da babu hatsi a kasuwa sule ba ya dafuwa.

Wata Baturiya masaniyar tattalin arziki, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta fitar da littafinta mai suna Rural Hausa a 1972. Abin da ta gani can kowane ɗan ƙauyen Daura ya san shi. Talaka na sayar da hatsinsa da kaka da araha saboda buƙata, sannan ya dawo ya saye shi da tsada da damina. In babu kuɗi ya ci bashin da zai biya da hatsi bayan girbi, ko ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani. Wato talaka sau biyu yake biyan kuɗin tuwonsa. Dabarun da iyayenmu mata suka riƙe, kusan dukansu hanyoyi ne na kuɓuta daga wannan tarko.

Adashe ne babbansu. Mace goma ko ashirin su riƙa zubi wajen uwar adashe, kowace ta kwashe a zagayenta. Mai wayo takan roƙi a sa kwasarta ta faɗo da kaka, ta sayi gero da wake da gyaɗa, ko ta sayi 'yar tunkiya ta ɗaure. Ƙananan kuɗi kuma su shiga asusun ƙasa wanda sai an fasa shi ake ganin cikinsa. Gudummawar biki ma ajiya ce: abin da kika kai wa ƙawarki ranar sunanta zai dawo miki ranar naki, galibi da ƙari. Maza kuma suna da watanda, a haɗa kuɗi a sayi sa ko raƙumi a yanka a kasa, kowa ya sami naman da ba zai samu a teburin mahauci da wannan kuɗin ba.

A madafa kuwa babu abin da ake kira shara. Dusa da ƙasari na awaki ne. Tuwon da ya kwana ɗumame ne da safe, ƙanzonsa a jiƙa ko a yi kwaɗo. In an matse man gyaɗa, tunkuza ta zama ƙuli-ƙuli. Karan dawa ya yi danga ya yi makamashi, tokarsa a tace ta shiga miya a madadin kanwa. Lokacin da tumatir ya yi banza a kasuwa a yanka shi a shanya ya zama kauɗa, haka kuɓewa da barkono da ganyen kuka. Wake kuma a cuɗe shi da toka ko yashi ko barkono a liƙe a tulu don ƙwari. Duk wannan lissafi ne, ko da yake ba a taɓa rubuta shi a takarda ba.

Zamanin naira ya ƙara tabbatar da maganar tsofaffi. Ranar 1 ga Janairun 1973 fam ɗaya ya koma naira biyu, sule ya koma kwabo goma. Kuɗin Udoji suka fito a 1975, albashi ya tashi, farashi ya bi shi a guje. A 1979 gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna, Balarabe Musa, ya soke haraji da jangali, kuma a lokacin Daura na cikin jihar, don haka manomi ya ɗan sarara. Amma kuɗin mai sun riga sun koya wa gidaje shinkafar waje da burodi da madarar gwangwani. Da farashin mai ya faɗi aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982, waɗannan kaya suka ɓace. A 1984, zamanin mulkin soja na ɗan garin nan, marigayi Muhammadu Buhari, iyayenmu sun bi layin sukari da sabulu da madara. A watan Afrilun shekarar aka sauya launin takardun naira, aka ba mutane ƙasa da mako biyu su canza. Wanda ya cusa kuɗinsa a katifa a ƙauye mai nisa da banki ya ji jiki. Sai tsarin SAP na 1986 ya zo ya karya darajar naira.

Namu zamanin mun gani da ido. An rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, mu da ke maƙwabtaka da Nijar ta Kwangwalam muka ji a kwanon shinkafa. Canjin kuɗi ya biyo baya a farkon 2023. Ranar 29 ga Mayun shekarar aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya hau kan kowane mudu. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli aka sake rufe iyaka har zuwa Maris na 2024. Tun daga wuri har zuwa asusun waya, labarin bai canza ba.

To me za mu ɗauka, mu da yawancinmu ba mu da gona balle rumbu? Na farko, kalandar farashi ba ta mutu ba. Hatsi ya fi sauƙi daga kaka zuwa farkon hunturu, kayan miya sun fi araha lokacin da na noman rani suka fito, ragon layya kuma ya fi sauƙi watanni kafin Sallah. Na biyu, sayen ƙulli-ƙulli kullum shi ne ya fi kowane saye tsada. Mutum huɗu za su iya haɗa kuɗin buhu ɗaya, ɗaya ya je kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi, a raba kuɗin mota a raba kaya. Watanda ke nan a sabuwar riga. Na uku, a dawo da ma'auni madafa, a san kwano nawa gida ke ci a mako. Wanda bai san abin da yake ci ba, ba zai san inda yake yoyo ba. Na huɗu, in za a ajiye wake a nemi buhun nan mai ninki uku da ke hana iska shiga, a guji zuba masa maganin ƙwari barkatai, kada a je neman sauƙi a sayo asibiti. Adashe kuma a yi shi da waɗanda aka san gidajensu.

Dole in faɗi gaskiya biyu kafin in rufe. Ajiyar abincin gida daban, ɓoye abinci don a tsauwala wa jama'a daban, kuma addini ya yi hani da na biyun. Sannan tattali na buƙatar ɗan rara, ai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda abin da ya samu yau shi zai ci yau, ba wa'azin tanadi yake buƙata ba. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa rumbu ke tafiya da zakka, da gayya, da kwanon tuwon da ake miƙa wa maƙwabci ta kan katanga. Wannan ma yana cikin lissafin.

Ina roƙon kowa a cikinmu ya zauna da tsohuwar gidansu a wannan mako. Ka tambaye ta nawa ta fara sayen mudun gero, wace yunwa ta ji labari a bakin iyayenta da sunan da ake kiran ta, da abin da aka ci a lokacin. Ka rubuta mana a ƙarƙashin wannan maƙala. Ni dai bana na shiga adashe, kuma na roƙi a ba ni kwasar watan Nuwamba. Da na gaya wa kakata sai ta ce, "Yanzu ka fara zama maigida."

Allah Ya yalwata mana, Ya sa albarka a cikin abin da muka samu. Sai na ji gyararrakinku.