Waƙar da Mai Saye Bai Taɓa Ji Ba

Idan aka ce waƙar kamfani, hankalin yawancinmu yakan tafi ga tallan sabulu ko na shayi a rediyo. Amma a Amurka an yi wata irin waƙa da mai saye bai taɓa jin ta ba, domin an tsara ta ne don waɗanda ke fita da kayan: masu yawon talla da dillalai. Tarihinta ya nuna yadda kamfanoni suka riƙa neman zuciyar ma'aikacinsu kafin aljihun mai saye.

Wanda ya fi shahara da wannan al'ada shi ne Thomas J. Watson, wanda ya karɓi ragamar kamfanin CTR a 1914, aka sauya masa suna zuwa IBM a 1924. Watson da kansa ya yi yawon talla, ya san zafin a wuni ana rufe wa mutum ƙofa. Saboda haka ya mai da taron masu tallansa tamkar biki, musamman na waɗanda suka cika adadin cinikin da aka ɗora musu a shekara. Kamfanin har littafin waƙoƙi ya buga, ana rabawa ana rerawa tare. Dabarar zaɓen mai sauƙi ce: a ɗauki karin waƙar da kowa ya sani, a zuba masa sababbin kalmomi, don kada a ɓata lokaci wajen koyo. A 1931, ana tsakiyar karyewar tattalin arziki, wani ma'aikacinsu mai suna Frederick Tappe ya tsara "Ever Onward", wadda ta zama takensu.

Sai dai akasarin waƙoƙin kirari ne ga Watson da manyan manajoji, ana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya taɓa zuwa gayyar noma ya san makaɗi mai riƙe da fartanya yake zugawa. A nan kuwa mai fartanyar ne aka sa ya zuga mai gona. Waƙar da aka ɗaura wa mutum kuma tare suke tsufa. Watson ya rasu a 1956, daga nan al'adar ta yi ta dusashewa.

A daidai lokacin ne wani salo ya kunno kai. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuɗi ya yawaita a hannun kamfanonin motoci da na kayan lantarki, sai suka fara hayar gwanayen Broadway, unguwar wasannin kwaikwayo ta birnin New York, su shirya musu cikakken wasa da kiɗa da rawa. Jerry Bock da Sheldon Harnick sun rubuta wa Ford wasa kan taraktocinsa a 1959, shekara biyar kafin "Fiddler on the Roof" ta fito da sunansu duniya. John Kander da Fred Ebb sun yi wa General Electric nasa a 1966. A 1969 kamfanin American Standard ya shirya wasa sukutum a kan banɗaki da bahon wanka. Abin dariya ne a yau, amma akwai lissafi a ciki: dillalin da zai manta da jawabin awa guda ba zai manta da amshin da ya lissafa masa amfanin sabon kaya ba. Akan buga faifai kaɗan a ba mahalarta su tafi da shi gida, ba a kai shi kasuwa. Da tsada ta yi yawa, bidiyo kuma ya zo da araha, sai salon ya mutu a hankali. Da sun ɓace baki ɗaya, ba don Steve Young, marubucin barkwanci na shirin David Letterman, ya bi shagunan tsofaffin faifai yana tattara su ba, har aka yi fim a kansa a 2018.

Mataki na uku shi ne aro. Ranar 24 ga Agusta, 1995, Microsoft ya ƙaddamar da Windows 95 da waƙar "Start Me Up" ta Rolling Stones, wadda ta fito tun 1981. An zaɓe ta ne don sunanta ya dace da sabon maɓallin "Start", aka kuma biya miliyoyin daloli. Waƙar ba ta san kwamfuta ba, ba ta san ma'aikacin da ya kwana yana haɗa manhajar ba. Farin jininta kawai aka saya.

Da farko ma'aikata ne ke rerawa da bakinsu. Daga baya suka zauna suna kallo ana yi musu. Yau kuwa mai shirya taro yakan latsa wayarsa ya zaɓi duk wadda ke tashe, a sake ta lokacin da shugaba zai hau mumbari. Kowane mataki ya ƙara wa kiɗan daɗi, ya kuma ƙara nisanta shi da mutumin da zai fita gobe da safe da jakar kaya. Kafin a zaɓi taken taro na gaba, ya kamata a fara tambaya: wa ake zugawa?