Alkama biyu a Zangon Agege: ta jirgin ƙasa da ta jirgin ruwa

Ana jibi Ƙaramar Sallar da ta wuce, duk lungun da muka ratsa a Zango ƙamshin bota da fulawa ne ke tashi. 'Yan mata sun jingina waya a jikin kwano suna kallon yadda ake kwaɓa kek, ga cincin an cika robobi. Ranar Sallah muka zaga gaisuwa gida-gida, ko'ina aka tarbe mu da kek da donat. Alkaki kuwa, wallahi ko a gida ɗaya ba mu gan shi ba. Wannan ne ya sa muka zauna da dattawan unguwa muka bi sawun abin.

Goro ne ya kawo kakanninmu nan. Tun da jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga tsakanin Legas da Kano a 1912, fatake suka riƙa sauka kusa da tashar Agege suna sayen goro a gonakin Yarbawa, suna ɗaure shi a huhu zuwa Arewa. Jirgin da ya tafi da goro shi ke dawowa da kayan gida: daddawa, kuka, kanwa, wani lokaci da ɗan ƙullin alkama.

Ɗan ƙulli muka ce, domin ko a can gida alkama ba abincin kullum ba ce. Ba ta yi sai da sanyin hunturu, a fadama, ana ban ruwa da hannu. Shi ya sa ta zama cimar sarakuna da attajirai da ranar biki. Gurasa, wadda Kanawa ke dangantawa da Larabawan da suka zauna a birnin don fatauci, a tanderu ake gasa ta, kuma har gobe unguwar Jakara ta yi suna a kanta. Funkaso da miyar taushe sai babban baƙo. Alkaki kuwa shi ne ƙawar gara. A ɓarza alkama, a kwaɓa da ɗan tsami, a rufe ta kwana, da safe a sa ruwan kanwa, a murza a naɗe, a soya a hankali har cikinsa ya soyu, sannan a tsoma a zuma ko dafaffen sukari mai ɗan lemon tsami. Aikin kwana biyu ne, kuma mace ɗaya ba ta yinsa. Tsofaffi sun ce idan za a aurar da yarinya a Zango, matan gida biyar ko shida ke haɗuwa a tsakar gida ɗaya, wasu na dakan nakiya, wasu na naɗin alkaki da dubulan. A nan 'yan mata ke koyo, ba da awo ba, da ido da tafin hannu.

Sai dai ƙasar nan ba ta yi wa alkaki adalci ba. A Kano yakan yi watanni a cikin kwalla bai canja ba. A nan laima ta yi yawa, in ba a soya shi ya bushe sosai ba sai ya yi fumfuna, ita ma alkamar ƙwari su cinye ta a buhu.

Alkama ta biyu ta teku ta shigo. A shekarun 1920 wani mutumin Jamaika, Amos Shackleford, wanda aikin jirgin ƙasa ya kawo Legas, ya buɗe gidan burodi a Ebute Metta. Ya yi amfani da injin da ke murza kwaɓi yana ninkawa har ya yi danƙo, kuma ana danganta laushin burodin Legas da wannan dabara. Irin burodin ne daga baya ya ɗauki sunan garin nan namu. Mu ba mu gasa shi ba, amma a faɗi gaskiya, teburan masu shayinmu sun taimaka wajen kai shi kowace tasha da kowane bakin kasuwa. A 1962 kamfanin Flour Mills ya fara niƙa a Apapa, da alkamar da jiragen ruwa ke kawowa, galibi daga Amurka. Fulawa ta zo bakin ƙofa, fara sol, ba ɓarza ba tankaɗe. Iyayenmu mata suka koyi cincin da fanke wajen maƙwabta. Kek ɗin farko da muka ci a unguwar nan ba a obin aka gasa shi ba: yashi aka zuba a gindin tukunya, aka jera gwangwanayen madara, aka ɗora garwashi a kan murfi.

Mu da muke samari a 1987 ba za mu manta ba. A shekarar gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama, don a noma ta gida. Burodi ya ƙanƙance, kuɗinsa ya hau, fulawa ta koma shigowa a ɓoye ta kan iyakar Kwatano. Abin mamaki, a waɗannan shekaru alkaki ya ɗan farfaɗo, domin masu aurar da 'ya'ya sun koma saƙon alkamar Kadawa da Kura ta hannun direbobin manyan motoci. Da aka ɗage dokar a 1992 kowa ya koma wa buhun fulawa.

Ba mu ce kek laifi ne ba. Mun san marayu a Zangon nan da kuɗin kek ɗin uwarsu ke biya musu makaranta, Allah Ya ƙara albarka. Abin da ya dame mu shi ne yadda ake yin kek yana cikin kowace waya, amma hannun alkaki irin na Zango, wanda aka gyara suyarsa don ya jure laimar Legas, a ƙirgenmu tsofaffi uku kacal suka rage da shi, kuma ƙaramarsu ta haura saba'in. Gara ta ƙarshe da muka gani da alkaki, daga Kano aka yi odarsa a kwali.

Mun yi magana da su ukun, sun amince su koyar. Malaman Islamiyyar matan aure sun ba da tsakar makaranta ranar Asabar bayan La'asar, mu kuma 'yan kasuwa mun ɗauki nauyin buhun alkama ɗaya daga Dawanau, da mai da sukari. Za a fara makonni uku kafin Babbar Sallah in Allah Ya kai mu. Duk mai son 'yarsa ko matarsa ta shiga, ya ba da suna a masallaci bayan Magariba, kuma kowace ta zo da faranti da kaskon suyarta.