Bakan Gizo da Shukar Binne: Bahasi a kan Raja'i a Ƙasar Mafara

Ahlul Kitabi sun daɗe da riƙon bakan gizo alamar sauƙi bayan tsanani, domin littafinsu na Farawa ya ambace shi a matsayin alkawarin da aka yi wa Annabi Nuhu bayan ɗufana, kuma da wannan ma'ana ce yaran Ingila suka zana shi a tagogi lokacin annobar korona ta 2020. Amma wanda ya zauna da manoman Garbadu, ko na Bakura da Maradun, ya ga yadda suke ɗaga kai idan hadari ya haɗo daga gabas bayan la'asar, zai tarar bayyanar bakan gizo ba bushara ba ce a wurinsu, sai ka ji dattijo ya ce ya shanye ruwa, alhali gero na can ya fara nannaɗe ganye.

Ta fuskar ilimi wannan camfi ne, domin tun wajen ƙarni na 14 Kamaluddini Alfarisi ya nuna, da ƙwallon gilashi cike da ruwa, cewa hasken rana ne ke shiga ɗigo ya karye ya komo da launuka. Sai dai lurar manomi tana da madogara, tunda bakan ba ya fitowa sai rana ta sami kafar leƙowa ta girgije. Kuma al'ummar da ta ɗanɗana farin 1973 da na 1984 ba a tsammanin ta yi murna da ɗaukewar ruwa. Alƙur'ani ma, a Suratul A'arafi da Suratur Rumi, iskar da ke koro girgije ya kira mai bushara.

Imamu Gazali, a babin tsoro da raja'i na littafinsa Ihya'u, da manomi ya buga misali, ya rarrabe tsakanin wanda ya zuba iri nagari a ƙasa tagari ya kula da ita sannan ya jira falalar Ubangiji, wanda shi ne mai raja'i na haƙiƙa, da wanda ya watsa iri a ƙasar gishiri ya zauna jiran girbi, wanda ya kira ruɗaɗɗe. Ni kuwa ina ganin babu sharhin da ya fi binne dacewa da babin nan. Mutum ya fita da sungumi ƙasa na ƙuna, ya sara, ɗansa na biye yana jefa ƙwayar gero yana rufewa da diddige, tun ba a yi ko yayyafi ba, kuma irin nan daga bakin iyali aka rage shi. In ruwan fari ya yi ƙaranci irin ya tsiro ya ƙone, a sake shuka.

Mai ja zai ce shuka a zamanin 'yan bindiga, lokacin da wasu ƙauyuka sai sun biya haraji kafin su taka gonakinsu, kuma har kwalejin noma ta Bakura aka shiga aka kwashi ɗalibai a Agustan 2021, ita ce ainihin ruɗun da Gazali ya zarga. Hujjar tana da nauyi, amma ta ɗora alhaki inda ba muhallinsa ba. Manomi ya cika nasa sharaɗin, wato iri da gumi. Wanda ya ɓace shi ne aminci, shi kuwa a wuyan hukuma yake. Mutanen yankin ba su jahilci alkawarinta ba, domin lokacin da aka kammala dam ɗin Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978 an yi musu albishir da noman rani, sai ga shi a Afrilun 1980 'yan sanda sun buɗe wuta kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu, fadamun da ke ƙasa da dam ɗin kuma suka rasa ambaliyar da ke ciyar da su kowace damina.