Daga Rumfar Zana Zuwa Allon Kanti

Lokacin da Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya kafa Kasuwar Kurmi a Kano, ɗan kasuwa bai san allon talla ba. Rumfar zana ce inuwarsa, hajarsa ce shaidarsa. Layin dukawa daban, na 'yan koli daban, in baƙo ya rikice dillali na nan.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Kamfanonin Turawa irin su John Holt suka kafa kantuna, haka ma Kwarori. A wurinsu muka ga baranda mai rufin kwano, da suna rubuce a goshin kanti. Da boko ya yaɗu, musamman bayan Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, tela da mai gyaran keke su ma suka nemi mai fenti.

A nan mu marubuta muke da ta cewa. Haruffa masu lanƙwasa sun shiga rubutunmu tun shekarun 1930, amma da wuya mu gan su a allon shago. Yaro kuwa allon yake fara karantawa kafin littafinmu. Ya ga "dinki" maimakon "ɗinki", haka zai kawo mana shi aji.